Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Hasken Fairin Yake Sauyawa a Jikin DNA?

Filinmu na wannan fitowa ya tattaru ne a kan abu guda, domin wasiƙu da dama sun iso game da sinadarin fairin, wanda littattafan kimiyya suke rubutawa pyrene, da yadda haskensa yake sauyawa idan an ɗaura shi a jikin DNA ko RNA, wato zaren sinadaran da suke ɗauke da saƙon gado a jikin halittu. Na taƙaita tambayoyin, na kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin sinadaran jikin halittu. An nuna mana 'yan kwalabe biyu, kowace da gajeren zaren DNA da aka maƙala wa fairin. Da aka haska su da fitilar ultirabayolet, ɗaya ta ba da shuɗin haske mai duhu wanda da ƙyar ido yake kama shi, ɗayar kuwa ta ba da shuɗi mai ratsin kore. An ce mana sinadari ɗaya ne a cikinsu. Ta yaya abu ɗaya zai yi launi biyu?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da aka gaya muku gaskiya ne, kuma wannan launi biyu shi ne babban dalilin da ya sa masana suka daɗe suna riƙe da fairin.

Wasu sinadarai sukan haɗiye haske, su riƙe ƙarfinsa na ɗan ƙanƙanin lokaci, sannan su sake shi a matsayin wani hasken. Wannan ne zan riƙa kira ƙyalli. George Stokes ne ya yi cikakken bayaninsa a shekarar 1852, inda ya nuna cewa hasken da yake fitowa ya fi wanda ya shiga tsawon zango, wato ya fi shi ƙarancin ƙarfi, saboda wani ɓangare na ƙarfin yakan salwanta a matsayin zafi kafin a saki sauran. Ana auna zangon haske da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita.

Shi fairin ƙwaya ce shimfiɗaɗɗiya, mai zobba huɗu manne da juna, da zarra 16 na kabon da 10 na haidirojin. A cikin kwaltar gawayin kwal aka fara samunsa, kuma Auguste Laurent na Faransa ne ya ware shi a 1837. Yana shan haske a wajen nanomita 340, wanda ido ba ya gani. Idan ƙwayar tana ita kaɗai, takan saki haskenta tsakanin nanomita 375 da 400 ko sama kaɗan, daidai bakin iyakar abin da ido yake iya kamawa, shi ya sa kwalbarku ta farko ta yi duhu. A jikin na'urar awo kuwa wannan haske yakan fito da 'yan tsinaye a jere, kowanne a gurbinsa.

A tsakiyar shekarun 1950 Theodor Förster da abokin aikinsa Kasper, a Jamus, suka lura cewa idan aka ƙara yawan fairin a cikin ruwan narkarwa, waɗannan tsinaye sukan dusashe, wani faffaɗan tudu marar tsini ya taso a wajen nanomita 470 zuwa 480, alhali yadda ruwan yake shan haske bai sauya ba. Abin da yake faruwa shi ne, ƙwayar da ta riga ta sha haske takan ci karo da wadda ba ta sha ba, su kwanta fuska da fuska, tsakaninsu tazarar da ba ta kai rabin nanomita ba, su raba ƙarfin a tsakaninsu. Da yake haɗuwar tana rage musu ƙarfi, hasken da suke saki yakan karkata zuwa kore, kuma da zarar sun sake shi sai su rabu. Wannan tagwaitaka ta ɗan lokaci ita ce daga baya aka raɗa wa suna eksima.

To ina DNA ya shigo? A cikin ruwan narkarwa, eksima ba ta bayyana sosai sai fairin ya yi yawa, kamar milimola guda a lita, domin sai an yi cunkoso ƙwayoyin suke karo da juna. Zaren DNA da ake gwaji da shi kuwa yawanci ya gaza haka da ninki dubu ko fiye, don haka karo na tsautsayi kusan ba ya faruwa. Idan kin ga koren haske a irin wannan ruwa, to wani abu ne ya ɗauko fairin biyu ya ajiye su gab da juna, kuma wannan abu shi ne siffar da zaren ya ɗauka. Haruffan DNA, wato sinadarai huɗun da ake rubuta saƙonsa da su (adenin, guwanin, sitosin da tayamin), a jere suke, kowanne a kan na ƙasa da shi, da tazarar nanomita 0.34, kusan daidai da tazarar da eksima take buƙata. Shi ya sa tun cikin shekarun 1990 aka fara ƙera gajerun zare biyu, ɗaya da fairin a ƙarshensa, ɗaya da fairin a farkonsa, waɗanda idan suka sami zaren da ake nema za su kwanta a kansa kusa da kusa. Idan zaren yana nan, fairin biyu sun haɗu, kore ya bayyana. Idan babu shi, shuɗi ne kawai. Kwalbarku ta biyu, ko da wane salo aka haɗa ta, tana shaida cewa fairin biyu suna kusa da juna.

TAMBAYA: Malam, Allah ya ƙara basira. Na karanta cewa hasken fairin yana ƙaruwa idan zaren da yake ɗauke da shi ya haɗu da abokin tufkarsa, wato zaren da haruffansa suka dace da nasa har su murɗe tare. Ni kuwa da na gwada, raguwa ya yi har ya kusa ɓacewa. Shin kayan aikina ne suka lalace, ko kuwa abin da na karanta ne ba daidai ba? Daga wani mai bincike a matakin digiri na biyu.

AMSA: Amin ɗan'uwa. Mai yiwuwa babu ko ɗaya daga cikin biyun, kuma ina so in daɗe a kan tambayarka domin a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Sukan ɗauki fairin a matsayin alama mai haske tsayayye, wadda duk inda aka liƙa ta haka za ta haska. Fairin ba haka yake ba. Haskensa labari ne game da abin da yake kewaye da shi, kuma idan maƙwabtansa suka sauya, labarin ma sai ya sauya.

Tushen abin shi ne daɗewarsa. Rinin fuloresin, wanda aka fi sani, yakan riƙe ƙarfin haske na kimanin nanosakan 4 (nanosakan shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa) kafin ya sake shi. Fairin kuwa, a cikin ruwan narkarwa da aka cire wa iskar oksijin, yana iya riƙewa na ɗaruruwan nanosakan. Duk tsawon wannan jira, ƙofa a buɗe take ga duk wani abu da zai iya ƙwace ƙarfin kafin ya zama haske, kuma haruffan DNA da kansu suna cikin masu ƙwacen. Fairin da ya sha haske yana iya miƙa elektron ga tayamin ko sitosin, yana kuma iya karɓar elektron daga guwanin, wanda shi ne harafin da ya fi sauƙin ba da nasa. Ko ta wace hanya aka bi, elektron ɗin yakan koma inda ya fito nan da nan, ƙarfin ya tafi a zafi, haske bai fito ba. Adenin ne mafi rauni wajen wannan dusasarwa. Saboda haka zare biyu masu tsawo ɗaya, masu fairin iri ɗaya, suna iya bambanta ƙwarai a haske don kawai ɗaya yana da adenin a gefen fairin, ɗayan yana da sitosin.

Wannan musayar elektron tana buƙatar kusanci, saboda haka tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ita ce: bayan zaren ya yi tufka, ina fairin ya zauna? Ruwa ba ya karɓar fairin (abin da yake narkewa a lita guda bai kai miligiram 1 ba), don haka kullum yana neman inda zai ɓuya. Gurbin da ya fi masa daɗi shi ne ya kutsa tsakanin haruffa biyu na tufkar, kamar takardar da aka sa a tsakanin shafukan littafi. Faɗinsa ma ya dace da wurin, domin ya yi kusan daidai da faɗin haruffa biyu da suka haɗa baki. Eric Kool da abokan aikinsa a Amurka sun nuna haka a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da suka sa fairin a madadin harafi, ya kuma zauna daram a gaban gurbin da harafi ya ɓace a ɗaya zaren. To idan ya kutsa haka, sama da ƙasa duk haruffa ne suke taɓa shi, kuma haskensa yakan mutu. Idan kuwa siffar tufkar ta hana shi kutsawa, ta tura shi waje zuwa cikin ƙaramin kwarin da yake zagaye tufkar, to ya yi nesa da masu ƙwace, sai ya haska sosai, fiye ma da lokacin da zaren yake shi kaɗai yana lanƙwashewa yana taɓa shi da haruffansa.

Misalin da ya fi fito da wannan fili ya zo ne daga Japan, daga aikin Kazushige Yamana da abokansa. Sun ɗaura fairin a jikin sukarin harafin yuridin, a gurbi na biyu na zoben sukarin. A cikin tufkar RNA ya haska ƙwarai, a cikin tufkar DNA mai jerin haruffa makamancin wannan kuwa haskensa ya yi rauni. Da suka binciki siffar ƙwayoyin, sakamakon da suka wallafa a 2005 ya nuna cewa a RNA fairin yana waje, a DNA kuma ya kutsa ciki. Tufkar RNA ta fi matsewa da tauri, ta DNA kuwa tana buɗewa ta karɓi baƙo. A ganina duk mai son aiki da fairin ya kamata ya san wannan misali kafin ya taɓa na'ura, domin alama ɗaya ce a gurbi ɗaya, amma ta ba da amsa biyu masu karo da juna, kuma dukansu gaskiya ne.

Kana iya gane inda naka fairin yake ba tare da manyan na'urori ba. Ka auna yadda yake shan haske a wajen nanomita 340 kafin tufka da bayanta. Idan tsinin ya gusa da 'yan nanomita zuwa dogon zango, tsayinsa kuma ya ragu, alama ce ta cewa ya manne da haruffa. Sannan ka auna zafin da tufkar take warwarewa a kansa, ka kwatanta da tufka marar fairin, domin kutsawa yawanci takan ƙara wa tufka ƙarfi har zafin ya hau. Idan alamun biyu suka haɗu da raguwar haske, to kayan aikinka lafiyarsu ƙalau. Sai ka koma ga abin da ka karanta ka duba abubuwa uku: a wane gurbi suka ɗaura fairin, mene ne tsawon igiyar sinadarin da ta haɗa shi da zaren, kuma DNA suka nema ko RNA. Doguwar igiya mai laushi tana barin fairin ya zaɓi wurin da yake so, gajeriya mai tauri kuwa tana tilasta masa zama inda mai ƙira ya nufa. Dalilin da ya sa aka riƙa ɗaura shi a kan haruffa masu ƙullallen sukari ke nan, irin waɗanda ake kira LNA, da Jesper Wengel na Denmark yana cikin waɗanda suka fito da su a ƙarshen shekarun 1990.

TAMBAYA: Malam, na ji an ce fairin yana jawo ciwon daji. Shin ba haɗari ba ne a riƙa ɗaura shi a jikin DNA? Daga wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje.

AMSA: Malama, wanda ya yi ƙaurin suna ɗan'uwansa ne, benzo[a]fairin, mai zobba biyar. Shi ne hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa a rukuni na 1, wato waɗanda aka tabbatar suna jawo cutar ga ɗan Adam, domin jiki yakan juya shi zuwa wani sinadari mai manne wa guwanin, ya lalata saƙon DNA. Wani abin sha'awa shi ne, ƙyallinsa ne ya tona shi: masu bincike a Landan sun bi sawun haskensa har suka ware shi daga kwalta, suka bayyana sakamakon a 1933. Fairin mai zobba huɗu yana rukuni na 3, wato hujjojin da ake da su ba su isa a yanke masa hukunci ba. Wannan ba takardar wanke laifi ba ce, don haka ki sa safar hannu, kada ki shaƙi garinsa, kada kuma a zuba shi a magudana domin yana cutar da halittun ruwa. Ki kuma kare idanunki daga fitilar ultirabayolet, wadda ake yawan mantawa da ita.

TAMBAYA: Malam, tunda akwai rinuka irin su fuloresin da etidiyom da SYBR Green waɗanda kowa ya saba da su, mene ne amfanin wahala da fairin? Daga wani malamin kimiyya.

AMSA: Malam, tambayarku tana kan hanya, kuma a yawancin ayyukan yau da kullum rinukan da kuka ambata sun fi dacewa. Sai dai kowanne da tambayar da yake amsawa.

Etidiyom da SYBR Green ba a ɗaura su da igiya, zuba su ake yi a ruwan su nemi tufka da kansu. Etidiyom yakan kutsa tsakanin haruffa kamar fairin, amma sakamakon ya saɓa: a cikin ruwa haskensa yana mutuwa da wuri, idan ya ɓuya a tufka sai ya sami kariya, haskensa mai ruwan lemo ya ƙaru kimanin ninki 20. SYBR Green da danginsa suna da sassa biyu masu juyawa, kuma juyawar ce take cinye ƙarfin. Da tufka ta riƙe su sai juyawar ta tsaya, hasken ya ninka ɗaruruwan sau ko fiye. Ku lura da wannan, domin yana nuna cewa kutsawa ita kaɗai ba ta faɗin ko haske zai hau ko zai sauka, sai an san abin da yake kashe hasken tun farko. Amma waɗannan rinuka ba su san harafi ba. Suna cewa akwai tufka, ba sa cewa wace ce.

Fuloresin da ire-irensa ana ɗaura su a kan zare, sau da yawa biyu-biyu, ɗaya yana miƙa wa ɗaya ƙarfi ta hanyar da Förster ɗin nan ya bayyana a 1948. Wannan hanya tana aiki a tazarar nanomita 1 zuwa 10, kuma da ita ake ƙera wani zare mai lanƙwasa kamar fil ɗin gashi da Sanjay Tyagi da Fred Kramer suka gabatar a 1996, wanda yake haskawa idan ya buɗe. Eksima kuwa sai an yi kusan taɓa juna, saboda haka tana jin gushewar da ba ta kai nanomita guda ba, irin wadda harafi ɗaya da ya saɓa yake iya jawowa. Wannan shi ne fifikonta na farko. Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin hasken da ake haskawa da wanda ake aunawa: fuloresin yana sha a wajen 490 ya saki a wajen 515, eksima kuwa ana haska ta a 340 a auna ta a 480, don haka hasken fitila ba ya gurɓata awon.

Na uku, wanda ni ya fi burge ni, shi ne amfani da lokaci. Jini da ruwan da ake renon ƙwayoyin halitta a ciki suna da nasu ƙyallin. Sinadarin NADH, alal misali, yana shan haske a 340 ya saki a wajen 460, wato daidai inda fairin yake aiki, kuma a awo na yau da kullum yana iya rufe shi ruf. Amma wannan ƙyallin na asali yakan mutu cikin 'yan nanosakan, eksima a jikin DNA kuwa takan kai nanosakan gommai. Sai a haska da walƙiyar leza, a rufe ido na ɗan lokaci har hayaniyar ta lafa, sannan a auna abin da ya saura. Weihong Tan da Nicholas Turro da abokan aikinsu sun yi amfani da wannan dabara a 2005, suka gano furotin mai suna PDGF a cikin ruwan renon ƙwayoyin halitta ta hanyar zaren DNA mai fairin a bakinsa biyu, wanda yake naɗewa idan ya kama furotin ɗin.

Rauninsa ma a fili yake. Bai kai rinukan zamani shan haske ba, hasken ultirabayolet da yake buƙata yana cutar da ƙwayoyin halitta masu rai kuma ba ya ratsa nama da nisa, sannan yawancin na'urorin PCR, masu kwafin DNA don ya yawaita, an ƙera su ne don rinuka masu shan hasken da ido yake gani. Ga mai son ƙirga yawan DNA a hanzarce, ba zan ba da shawarar fairin ba. Ga mai son sanin yadda zare ya naɗe, ko harafi nawa ya gusa, da wuya a sami wanda ya fi shi.

TAMBAYA: Malam, sakamakona ba ya tsayawa. Ruwa ɗaya, na'ura ɗaya, amma ƙarfin hasken yau daban, na gobe daban. Me zan duba?

AMSA: Ɗan'uwa, ka fara da iskar oksijin. Saboda daɗewar da fairin yake yi riƙe da ƙarfi, oksijin da ya narke a ruwa yana samun damar kashe haskensa, don haka ruwan da aka busa wa naitirojin ko argon ba zai yi daidai da wanda aka bari a buɗe ba. Ba dole ne ka cire iskar ba, amma dole ne dukan samfuranka su kasance a hali ɗaya. Bayan haka ka duba mazubi, domin fairin yana son manne wa roba, kuma zare mai fairin da ya kwana a bututun roba yana iya raguwa a cikin ruwan ba tare da ka sani ba. Ka tabbata zafi da yawan gishiri ba sa sauyawa, ka kuma riƙa ɗumama ruwan ka bar shi ya huce a hankali ta hanya ɗaya kowane lokaci, domin tufkar da aka yi cikin gaggawa ba lallai ta zauna yadda ya kamata ba. Idan awon shan haske a 340 ya wuce 0.1, ka tsarma ruwan, saboda samfurin da kansa zai fara tare hasken kafin ya isa tsakiyar mazubin.

Shawarar da ta fi waɗannan duka ita ce ka daina dogara da ƙarfin haske shi kaɗai. Idan tsarinka yana da eksima, ka raba ƙarfin da ke wajen 480 da wanda ke wajen 380, ka riƙa bin wannan adadi. Fitila na iya raunana, zare na iya raguwa kaɗan, amma da yake duka biyun suna sauka tare, rabon nasu ba ya girgiza sosai. Sannan a kowane zama ka auna abubuwa uku a jere: zaren shi kaɗai, zaren tare da abokin tufkarsa na ainihi, da zaren tare da abokin da harafi ɗaya ya saɓa. Zare masu fairin suna iya dunƙulewa da junansu su ba da koren haske ko babu abin da ake nema, musamman idan sun yi yawa a ruwan, kuma awon zaren shi kaɗai ne zai nuna maka ko hakan ya faru.